Ƙofar da Na Buɗe daga Haidarabad

Mutumin da aka ce zai tarye ni a filin jirgin Mumbai bai zo ba. Na tsaya riƙe da jakata har ƙafafuna suka yi tsami, ina leƙen duk wanda ya ɗaga kwali ko zan ga an rubuta Nasiru, ban gani ba. A nan maganar Baba ta fara yi mini nauyi a ƙirji, ga shi ko kwana ɗaya ban yi a Indiya ba.

Baba direban Alhaji Sabo ne tun kafin a haife ni, kuma a ɗakunan bayan gidan Alhaji, a Nassarawa GRA, na tashi. Da mulkin farar hula ya dawo, harkar waya da intanet ta buɗe, Alhaji ya kafa dogon ƙarfen eriya a bayan gida, ya mai da sitonsa ɗakin na'urori, yana sayar wa kafe-kafe da ofisoshi intanet. Ni ne mai hawa ƙarfe da jan kebul. Injiniyanmu mutumin kudu ne, mai kirki ƙwarai. Bayan an ƙaddamar da shari'a ya daure na 'yan shekaru, ba wanda ya taɓa shi, amma iyalinsa ba su bar shi ya sha ruwa ba sai da ya tattara ya koma gida. Ya bar mana rauta, wato na'urar da ke nuna wa kowane saƙo hanyar da zai bi, babu wanda ya san cikinta sosai.

Alhaji ya ce zai tura mutum ɗaya Indiya ya koyo. Kowa ya san Kabiru ne, ɗan ƙanensa, mai digiri. Sai Baba, wanda bai taɓa sa baki a sha'anin maigidansa ba, ya ce a gabana: "Alhaji, ka tura Nasiru. In ya dawo bai iya ba, ko ya ɓata maka aiki, ni da hannuna zan ajiye maka makullin motarka." Alhaji ya yi dariya. Baba bai yi ba, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya faɗa ya janye.

Da wannan kaya a kaina na nemi tashar jirgin ƙasa ni kaɗai, zuwa Haidarabad inda makarantar take. Ban taɓa ganin cinkoso irin na wannan jirgi ba, ni da nake taƙama da kasuwar Sabon Gari. Kallo kuwa na sha shi har na ƙoshi. Wani ya taɓa gashin kaina ba ko sallama, na doke hannunsa, taragon ya yi tsit. Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni ta kwance ƙullinta ta miƙo mini wata irin gurasa mai laushi da ɗan wake a ciki. Na kai loma ɗaya, yaji ya haye mini ka, hawaye shaa. Ta yi ta dariya tana bubbuga mini baya, ta ba ni ruwanta. Ba mu ji yaren juna ba har muka isa Haidarabad, amma da za ta sauka sai da ta dafa kaina.

Makarantar da wani dillali ya nuna mana hotonta a Kano bene ne na gilas mai sheƙi. Wadda na tarar kuwa ɗaki ɗaya ce a saman shagon faci, da benci da allo da tarin takardun da aka yi wa hoto har rubutun ya dushe. Na tambayi mai makarantar ina rautocin suke. Ya kaɗa kai irin kaɗawarsu, wadda ba ka sanin e ce ko a'a, ya ce gobe. Na dawo gobe, ya ce gobe. Ranar da na gane babu rauta ko ɗaya a ginin, kuma kuɗin Alhaji ya riga ya shige inda ba ya fitowa, na zazzage masa Hausa tsantsa, har da wadda Inna ta hana ni tun ina ƙarami. Ya tsaya yana murmushi har na gama. Na sauko matakala, na zauna a kan tsohuwar taya na rasa inda zan sa kaina.

Wurin kwana ma sai da na sha wuya. Sai a ce akwai ɗaki a waya, in na zo aka ga fatata, ɗakin ya zama an kama. A ƙarshe wasu ɗalibai 'yan Sudan suka raɓa ni a ɗakinsu kusa da wani masallaci. A wannan ɗaki na san kewa. Ba tuwo kawai ba, ko da yake na yi mafarkin miyar kuka ba sau ɗaya ba. Abin da ya fi cina shi ne safiya: a gida, da an idar da asuba, ƙarar bokitin Baba ce ke tashe ni yana wanke mota a ƙarƙashin mangwaro, rediyonsa na kan bonet. A nan kuwa sai hon da haushin karnuka. In na kira gida, labarin ruwan sama kawai nake ba shi, shi ma ba ya tambayar fiye da haka.

A masallacin nan Allah ya haɗa ni da Malam Rafiƙ. Dattijo ne siriri mai jan gemu, ya daɗe yana aiki a wani kamfanin waya kafin ya ajiye. Ya ga littafin rauta a hammatata bayan la'asar, ya tambaye ni da Turanci inda nake karatu. Da na faɗi sunan makarantar sai ya rufe ido ya ce, "Kai ma?" Ya ja ni shagonsa, wani lungu mai cike da tsofaffin rautoci jere a kan kanta, ɗalibai na biya su yi gwaji. Ya ce in zan riƙa haɗa masa kebul, in share ƙura, in ɗauki kaya, to na'urorin nawa ne daga la'asar zuwa isha. Na riƙe hannunsa da hannu biyu.

Ranar farko ya gano cutata. Rauta tana da ƙwaƙwalwa biyu: abin da take aiki da shi yanzu, da abin da aka adana mata. In ta mutu ta tashi, wanda aka adana take komawa. Mu a Kano, da yake ana iya ɗauke wuta kana tsakiyar rubutu, injiniyanmu ya horar da mu: ka rubuta layi ɗaya, ka yi sebin, wato ka adana. Abin ya bi jikina har yatsuna ke yi ban sani ba. Ina yi a shagon Rafiƙ sai na ji rula a bayan hannuna, tas!

"Wa ya ce ka adana?"

"Malam, in aka ɗauke wuta fa?"

"In aka ɗauke wuta ka sake rubutawa. In kuma ɓarna ka rubuta ka adana ta fa? Na'urar tana wani gari, ka yanke hanyar da kake shiga da ita, wa zai cece ka?"

Ya koya mini tasa al'adar. Kafin ka taɓa rautar da ke nesa, ka sa mata agogo ta sake tashi da kanta bayan ɗan lokaci. In aikinka ya yi kyau, ka soke agogon, sannan ka adana. In ka rufe kanka a waje, ka zauna ka jira, za ta tashi da tsohon saitinta. Amma duk wannan dabara banza ce in ka riga ka yi sebin. Na sha rula a kan haka har bayan hannuna ya yi duhu, ina ƙunƙuni da Hausa, yana ce mini ya san zagi ko da wane yare ne.

Abin da aka turo ni in koya kuwa shi ne wannan. Babban kwastoman Alhaji wani asibitin kuɗi ne mai rassa a Nassarawa da Kawaji da Kaura Goje. Mai asibitin ya rantse bayanan matan mutane ba za su bi hanya ɗaya da 'yan zaman kafe ba. Saboda haka tsohon injiniyanmu ya ware musu teburin hanyoyinsu daban a cikin rauta, abin da masu sana'ar ke kira VRF, kamar sashen da aka zagaye da katanga a cikin gida. Sauran jama'a duk suna kan babban tebur. Matsalar ita ce kwamfutar da ke riƙe da wasiƙun asibitin da sakamakon gwaje-gwajensu tana kan babban tebur, dole sai an yi ƙofa a katangar. Kabiru yana ta rubuta hanyoyi da hannu ɗaya bayan ɗaya, kuma duk ranar da wani reshe ya sauya layi sai komai ya tsaya. Rafiƙ ya nuna mini yadda ake sa teburan biyu su riƙa sanar da juna hanyoyinsu da kansu, wadda ta mutu ta fita, sabuwa ta shigo, da mai gadi a bakin ƙofa yana tace wadda za ta wuce. Na yi shi a shagonsa har ina iya yi ido rufe.

Saura 'yan makonni in dawo, Alhaji ya kira ni da kansa.

"Nasiru, mutanen asibiti sun gaji. Likitan ya ce in abin nan ya sake tsayawa za su koma wani wuri. Ka ce ka iya?"

"Na iya, ranka ya daɗe. In na dawo..."

"Ba zai jira ka dawo ba. Kabiru ya ce ana iya yi daga can."

Na ce ana iyawa. Me zan ce?

Na zaɓi lokaci da wayona. Ranar Juma'a, daidai lokacin salla a Kano, kafe-kafe a rufe suke, ofisoshi ba kowa, layi ya yi sanyi. A Haidarabad kuwa lokacin magariba ta gabato. Har yaba kaina na yi a kan wannan dabara.

Na zauna a gaban kwamfutar Rafiƙ, na yi bisimilla, na shiga rautar da ke bayan gidanmu ta tauraron ɗan'adam. Ganin sunanta a allo kawai sai da ya sa na ji ƙamshin ɗakin. Na sa agogo. Na kafa mai gadi a ɓangaren da nake tsoro, kada hanyoyin kafe su kwararo cikin asibiti. Ɗaya ɓangaren na bar shi a sake, don a kwafin saitin da Kabiru ya aiko mini babu komai a teburin asibiti sai rassansa. Wani kwastoma ya shigo, Rafiƙ ya juya wajensa. Na buɗe ƙofar.

Ba nan take teburan ke fara magana ba, sai sun ɗan gaisa. Na jira, na duba babban tebur. Ga Kawaji ta shigo. Ga Kaura Goje. Sai ga wata hanya a ƙarƙashinsu da ban san da ita ba, irin wadda ke cewa duk saƙon da bai san inda za shi ba ya biyo ta nan. Daga baya na ji Kabiru ne ya sa ta a makon, don ya lallaɓa asibitin kafin a gyara. Ta tsallako ta ƙwace wa babban tebur hanyarsa ta fita duniya. Na kai hannu in rufe ƙofar, allon ya daskare. Cikin ruɗewa na rufe tagar da nake rubutu a cikinta na buɗe sabuwa, ta ƙi shiga. Duk abin da na rubuta ya tafi tare da tsohuwar.

Rafiƙ ya dawo ya dubi fuskata, ya dubi allo.

"Ka sa agogo?"

"Na sa."

"Ka adana?"

Na buɗe baki in ce a'a, sai na kasa. Tsakanin buɗe ƙofa da daskarewar allo akwai wannan ɗan jira, kuma a irin wannan jiran ne yatsuna suka saba yin abinsu. Na dube su a kan cinyata. Wallahi ban sani ba. In na adana, rautar za ta tashi da ɓarnar, asibiti da duk kwastomomin Alhaji za su zauna a duhu, kuma babu mai iya warware ta a Kano sai na dawo.

"To mu jira," in ji shi. Ya ja kujera ya zauna kusa da ni.

Lokacin agogo ya cika. Na ƙara mata ɗan lokacin da take ɗauka kafin ta tashi. Na gwada, shiru. Na sake, shiru. Na fita da gudu zuwa rumfar waya da ke tsallaken titi, na kira Kabiru, a kashe. Na kira Alhaji, a kashe. Sai a lokacin na ga ramin dabarata: lokacin da ba kowa a layi, ai ba kowa a gida. Alhaji da Kabiru da mai gadin gida da mai kula da janareta duk suna sahu ɗaya a masallaci, kuma Baba ne ya kai su.

Na kira wayar Baba, don na san a gida yake barinta ranar Juma'a. Inna ta ɗauka. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa faɗin sunana ba.

"Kai ne? Lafiya kake haki haka?"

"Inna, don Allah ki je ɗakin na'urori ki leƙa ta taga. Ki gaya mini ko fitilu na ci."

"Ni? Ɗakin Alhaji?"

"Inna, don Allah."

Na ji tana neman mayafi, na ji takunta a kan tsakuwa. Mai rumfar waya yana nuna mini mita da yatsa, na harare shi.

"Duhu ne ɗirim," in ji ta. "Ai tun hantsi suka ɗauke wuta. Ɗazu dai na ji wani abu na ta kuka a ciki, ƙit ƙit, sai ya yi shiru."

Batura ne suka ƙare. Ke nan rautar a mace take, kuma amsar da nake nema tana cikinta. Inna ta ce a hankali, "Ba dai abin nan ne ya lalace ba? Ka san halin babanka."

Na ce mata na sani.

Aka kira magariba. Na shiga sahu, amma Allah ya yafe mini, ban san surar da liman ya karanta ba. A raina ina ganin Baba yana shiga falon Alhaji, ya tuɓe takalmi, ya ɗora makullin a kan tebur, ya fito ya zauna a ƙarƙashin mangwaro ba abin yi. Mutumin da bai taɓa roƙon komai a gidan nan ba sai wannan abu ɗaya, kuma don ni. Ana sallamewa na koma rumfar.

Baba ne ya ɗauka. Bayansa ina jin muryar Alhaji sama-sama, wai asibiti sun bugo.

"Nasiru. Ga mu mun dawo. An ce a tayar da janareta. A tayar?"

Ban taɓa jin tambaya mai nauyin wannan ba. Na ce, "Baba, na yi kuskure a aikin. In ta tashi zan san ko zai gyaru daga nan ko ba zai gyaru ba."

Bai ce me ka yi ba. Ya ce, "To." Na ji ya ce da wani, "Tayar."

Janareta ya yi tari ya kama. Na ce kada ya kashe wayar, na bar kan wayar a rataye, na tsallaka titi da gudu har wani mai keke ya zage ni. Rafiƙ na zaune gaban allo ya harɗe hannu. Na gwada, shiru. Tsohuwa ce, tana daɗewa kafin ta farka. Na sake. Na sake. Sai ga sunanta ya fito, tana tambayar kalmar sirri.

Na duba saitin. Babu ƙofa, babu mai gadi, babu ko layi ɗaya nawa. Tana nan yadda na same ta. Ban adana ba.

Na kifa kai a kan tebur. Rafiƙ ya taɓa ni da rular nan a kafaɗa, a hankali wannan karon, ya ce aiki bai ƙare ba. Na sake sa agogo. Na kafa mai gadi a ɓangarorin biyu, na ce kada ya bar kowa ya wuce sai rassan nan da na ambata da suna. Na buɗe ƙofar, na zauna a kan hannuwana, a zahiri, har teburan suka gama gaisawa. Nassarawa ta shigo, Kawaji ta shigo, Kaura Goje ta shigo, ba wanda ya biyo su. Kabiru ya turo saƙo cewa asibiti suna ganin sakamakonsu. Na sa ya zare layin Kawaji ya mayar a kan na ko-ta-kwana, hanyar ta ɓace ta dawo da kanta ba wanda ya rubuta komai. Ya rubuto mini, "Kai, mutumina!" Na soke agogon.

"Yanzu," in ji Rafiƙ, "ka adana."

Na koma rumfar. Kan wayar na nan a rataye, mai rumfar ya haɗe rai kamar zai fashe. Na ɗauka ban sa ran kowa ba.

"Baba?"

"Ina ji."

Ashe duk tsawon lokacin nan yana tsaye a bakin ɗakin, waya a kunne, yana sauraron hon ɗin Haidarabad.

"Ya yi, Baba. Ya gyaru."

"Alhamdu lillahi." Sai ya ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Na ce zan ci. Ta cikin wayar na ji wata 'yar ƙara da na sani tun ina rarrafe, ƙarar makullai ana zaro su daga aljihun riga.

"To bari in je," in ji shi. "Alhaji zai fita da la'asar, ban goge motar ba."